Lezar Mephisto MOPA a aikin ragar haske: ƙarfinta da iyakarta

Duk ɗakin binciken da ke son kama ƙwayoyin KRb (haɗin potassium da rubidium) ko RbCs (haɗin rubidium da caesium) masu tsananin sanyi cikin ragar haske, wato jerin ramukan tarko da hasken leza ke samarwa, ya kuma auna juyawarsu da maikurowef, da wuya bai duba Mephisto MOPA ta kamfanin Coherent ba. Tana ba da haske mai tsawon zango nanomita 1064, babban samfurinta yana kai wat 55. Idan aka mayar da hasken da madubi, tazarar ramukan ragar takan zama nanomita 532.

Abin da ake saye a nan shi ne natsuwa. Tushen hasken dunƙulallen kiristal ne na Nd:YAG (kiristal ɗin leza mai ɗauke da sinadarin neodymium), mitarsa guda ɗaya, faɗinta kusan kilohaz 1. Leza mai mitoci barkatai tana tura ƙwayoyin zuwa matakan da ba a nema ba. Rawar ƙarfin haske kuwa, in ta faɗo daidai ninki biyu na mitar da ƙwayoyin ke lilo da ita cikin ramin, dumama ƙwayoyin take yi har su tsere. A wannan fanni lezar ta cika alƙawari, musamman idan an kunna da'irarta ta rage hayaniya.

Wahalar tana farawa ne bayan hasken ya fito. Wat 55 yana zafafa kiristal ɗin TGG da ke cikin na'urar tare hasken da ke komowa, da kiristal ɗin AOM (na'urar da ke sarrafa haske da igiyar sauti), sai su koma kamar tabarau, tsakiyar ragar ta gusa cikin mintuna. Maganinsa: gilashin silika zalla, a daidaita hanyar haske da cikakken ƙarfi, a bar lezar da ruwan sanyinta su zauna kafin awo. Na'urar tarewar kuwa tilas ce, domin ragar da kanta take mayar da haske. A raba hasken gida uku, ɗaya ga kowane layi na ragar, a bambanta mitocinsu da gomman megahaz don kada su yi katsalandan.

Sai babban lamari. A KRb tazarar matakin juyawa na ƙasa da na sama da shi kusan gigahaz 2.2 ce, kuma haske ba ya ture matakan biyu daidai wa daida. Ƙwayar tsakiyar raga da ta gefe sai mitarsu ta sha bamban, alamar Ramsey, wato alamar awon juyawar da maikurowef, ta dushe. Masu bincike a cibiyar binciken JILA da ke Amurka sun rage wannan ta karkata fuskar kaɗawar haske kusan digiri 54 daga layin filin maganaɗisu da ke daidaita ƙwayoyin, kuma a 2013 suka ga musayar matakin juyawa tsakanin ƙwayoyin. Saboda haka tsabtar fuskar hasken tana hannun mai saiti.

Iyakarta: mitar ba ta matsawa fiye da 'yan gomman gigahaz. Mai neman zangon da zai ture matakan biyu daidai, kamar kusan nanomita 1145 a RbCs, sai ya sayi wata leza daban.