Hattara da masu tallan "maganin giya" a Facebook da TikTok

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na direbobin haya ne da duk mai mota manuwal, musamman 'yan Golf 3 da Sharan da Peugeot 406. Wasu 'yan damfara sun baje koli a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, suna tallan abin da suke kira "maganin giya". Alkawarinsu shi ne, in motarka tana ƙin shiga giya, ko tana gurzawa, ko ka nufi lamba 3 sanda ta zame ta faɗa 5, za su gyara maka ba tare da an sauke giyabos ba, kuma wai babu ƙara, babu jijjiga. Gyaran giya ita ce sana'ata, kuma motocin da suka bi ta hannun mutanen nan irin garejinmu ake jawo su daga baya. Don Allah kowa ya riƙe kuɗinsa.

Bidiyonsu kusan iri ɗaya ne. Za ka ga hannu yana canja giya da yatsa biyu, an ɗora kofin ruwa a kan dashbod ko motsi ba ya yi, waƙa na tashi. Ku lura da kyau: ba sa nuna allurar da ke auna juyin inji, kuma waƙar ta rufe komai. Sau da yawa injin a kashe yake. Motar da kulocinta ya mutu murus ma, in inji a kashe yake, giyarta shiga take yi sumul. Daga nan sai a nuna kwalba mai rubutun Jamusanci, babu adireshin kamfani, babu lambar rukunin da aka sarrafa ta, babu ranar da aka yi ta. Sai a ce kaya sun kusa ƙarewa, ka turo rabin kuɗi a saka maka a mota ta tasha. Sunan da ke kan asusun banki daban, sunan shafin daban. Wasu daga nan zance ya ƙare, ka tura, an toshe lambarka. Waɗannan ma, wallahi, su ne masu sauƙin ɓarna, don kuɗinka kawai suka ci. Wanda kayan suka iso hannunsa shi ne ya shiga uku.

Abin da muke tsiyayowa daga giyabos ɗin da aka zuba wa maganin nan mai ne mai kauri sosai, irin lamba 140 na aksul ɗin manyan motoci, wani lokaci an dama shi da giris. Ranar farko direba zai rantse an yi aiki, saboda mai mai kauri yana danne kukan haƙora da na boris. Amma ga yadda giya take shiga. A jikin kowace giya ta gaba akwai wani zoben tagulla, aikinsa ya kama gefen giyar ya daidaita gudunta da na shaf, wato ƙarfen da take juyawa a kansa, kafin haƙora su haɗu. Da gogayya yake wannan aikin, wato dole ya matse man da ke tsakani ya taɓa ƙarfe. In mai ya yi kauri, zoben ba ya samun kamu da wuri. In kuma an haɗa da sinadarin ƙara santsi, sai ya riƙa zamewa. Ko ta wace hanya, giyar da a da take gurzawa jefi-jefi yanzu kullum sai ka danna ta da ƙarfi. Ku jira sanyin hunturu, da asuba a layin lodi, ku ga yadda lamba 2 za ta ƙi shiga sai mota ta yi tafiya mai ya saki.

Kuma zoben da ya cinye ya cinye. Babu ruwan da ake zubawa ya mayar da tagullar da ta goge.

Man da ƙananan motocin nan suke so ba ɓoyayye ba ne. Golf 3 tana shan 75W-90, 406 tana shan 75W-80, dukkansu mai alamar GL-4, kuma kusan lita 2 ne kacal. Mai mai alamar GL-5 kuwa an yi shi ne domin aksul, irin na bayan Hiace, inda haƙora ke murzar juna da nauyi, kuma yawan sinadarin da ke cikinsa ba ya shiri da zoben tagulla a giyabos da dama. Mutanen nan ba su san bambancin ba, ba su kuma damu su sani ba. Wani abin takaici, masu zuba maganin sukan tsiyaye man ciki ba awo don su sama wa kwalbarsu wuri, su bar giyabos da ƙarancin mai. Duk wanda ya san Golf 3 ya san lamba 5 ce take fara ƙonewa in mai ya yi ƙasa, ita ce kuma giyar da ɗan hanyar Kano zuwa Katsina yake wuni a kanta.

Akwai kaso na biyu, masu cewa "oga kawo motar mu ɗaura maka da kanmu". Ba su da gareji, a gindin bishiya kusa da kasuwar kayan gyara za a haɗu. Waɗannan sun ɗan san aiki, shi ya sa suka fi haɗari. Sun san cewa in robar mazaunin inji ta tsage, inji da giyabos suna rausaya duk lokacin da ka taka totur ko ka saki, sandunan da suka haɗa liba, wato sandar canja giya, da giyabos su goce daga saiti, ka nemi giya ka rasa. Wannan gaskiya ne. Maganinsa sabon mazauni mai roba daidai da ta asali. Su kuwa sai su cusa guntun tsohuwar taya a ciki, ko su yi masa walda ƙarfe da ƙarfe, su fesa baƙin fenti, su ce maka na tsere ne daga Jamus. Za ka ja motar ka ji giya tana faɗawa ƙas-ƙas, ka yi murna. A kan titi za su sa ka gwada, da gudu, gilashi a sauke. Sai ka tsaya a danja mota tana silo, sannan za ka ji sitiyari yana kaɗa maka hannu, madubi na rawa, dashbod na kuka, fasinja na tambaya ko lafiya. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Robar nan an sa ta ne don ta shanye girgizar inji, in ka cire ta girgizar ba ta da inda za ta sai jikin mota. Bayan ɗan lokaci salansa ta tsage a wuya, kusoshi su riƙa kwancewa, wani lokaci kunnen giyabos ɗin, inda ake ɗaure shi da mazauni, da kansa ya karye, shi kuma alminiyom ne, waldarsa ba kowa ba.

In ka kira ka yi ƙorafi, amsar a shirye take: "Haba Alhaji, ai sabo ne, ba shi sati biyu ya zauna." Ƙarfen da aka yi wa walda ba ya zama. Sati biyun nasu ne, na canja layin waya.

Wanda kuma ya same su kafin su ɓace, sai a juya masa zance: ai maganin ya yi aiki, giyabos ɗinka ne dama ya gama yawo, amma akwai wani ɗan Beljiyam da za a haɗa ka da shi. A kawo wanda aka wanke da fetur yana ƙyalli, a karɓi naka a matsayin ciko. Na sha ganin wanda aka karɓe masa giyabos lafiyayye, matsalarsa ba ta wuce bushin na roba ba, aka ba shi wanda ya fi nasa lalacewa.

Kafin ka ba kowa ko sisi, gwada motarka da kanka, ba ya cin minti goma. Kashe inji, sa giya, ka girgiza liba. In tana lilo hagu da dama alhali giya na ciki, matsalar a waje take: bushin da ƙwallon roba na sandunan Golf 3 ko 406, ko wayoyin giya a Sharan. Wannan shi ne gyara mafi araha a harkar giya, kuma sabon bushin na roba ba ya kawo ƙara ko kaɗan. Sannan tada inji, taka kuloci har ƙasa, ka ɗan jira, ka sa ribas. A Golf 3 ribas ba shi da zoben tagulla, don haka in ya gurza bayan ka jira, kuloci ne ba ya saki gaba ɗaya. A duba wayar kuloci in mai waya ce, in mai amfani da man birki ce a duba kulocin sama da na ƙasa, a fitar da iska. Dardumar ƙafa da ta naɗe a ƙarƙashin feda ma tana hana kuloci kaiwa ƙasa, kada ka yi dariya, ana kawo mana irinta. Bayan haka ja birkin hannu, buɗe bonet, wani ya sa lamba 1 ya ɗan ɗaga kuloci kai kana kallo daga gefe, ba daga gaba ba. In inji ya yi tsalle, mazauni ne. In duk waɗannan lafiya suke, kuma giya ɗaya tak ce ke gurzawa in ka yi sauri, amma tana shiga in ka taka kuloci sau biyu, to zoben ne, sai an sauke giyabos. Duk wanda ya ce maka akwai wata hanya, aljihunka yake kallo.

Kada a ɗauki zamewar giya da wasa. Kana kan 5 za ka wuce tirela, ka nemi 4 ka faɗa 2 ka saki kuloci, inji zai juya fiye da ƙarfinsa, bawul su lanƙwashe, ga mota tana tahowa.

Wanda ya riga ya zuba maganin, ya je a tsiyaye shi yau, mota da ɗuminta don ya fita sosai. A tara a mazubi mai tsabta a duba a rana: in ka ga ƙyalli-ƙyalli ruwan zinariya, zoben ya fara gogewa yana zuba cikin mai. A zuba man da ya dace, a yi 'yan kwanaki, a sake juyewa. Mazaunin da aka yi wa walda a cire shi gaba ɗaya, a duba kunnen giyabos da wuyan salansa. Kayan gyara kuma ka saya a shago mai ƙofa da lamba, a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka ko Apo, ka je da makanikenka, a rubuta maka rasit, ka karɓi tsohon kayanka a hannu. Wanda ya tura kuɗi aka toshe shi, ya ɗauki hoton tallan da hirarsu da shaidar tura kuɗin kafin su goge shafin, ya kai wa bankinsa da 'yan sanda ba tare da jinkiri ba, ya kuma shigar da ƙorafi a hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Shugabannin tasha, don Allah a sanar a layin lodi, yawancin direbobinmu ba za su ga wannan rubutu ba.