"Playing with fire" ko "on thin ice": wanne za ka ɗauka?

Masu koyon Turanci sun sha tambayata wanne daga cikin waɗannan karin magana biyu na Turanci ya dace da gargaɗi. "Playing with fire" ya fi sauƙin kamawa, don mu ma muna cewa wasa da wuta: mutum ya san haɗarin, amma kwaɗayi ya ja shi, kamar mai taɓa kuɗin amana. Akwai zargi a cikinsa, shi ya sa ba na so a faɗa wa babba.

"On thin ice" kuwa daga hunturun Turai ya fito, inda tafki ke daskarewa, mutum ya taka ƙanƙara marar kauri. Ana faɗinsa ga wanda ke dab da shiga matsala, kamar ma'aikacin da aka ja wa kunne sau biyu kan zuwa aiki a makare, kuskure ɗaya ya rage masa.

Mai tsawatar wa ƙaninsa, na farko ya ishe shi. Mai ankarar da abokin aiki a ofis, ya ɗauki na biyu.