Gargaɗi ga mutanen Makka da Jidda kan mai yawo da filashar "Windows ta har abada"

Assalamu alaikum, 'yan'uwa.

Kwamfuta uku ke nan suka shigo hannuna cikin wata biyu, duka da ciwo iri ɗaya, kuma da na bi diddigi sai na tarar duka ta hannun mutum ɗaya suka biyo. Na farko na ce tsautsayi ne, na biyu na yi shiru don gudun zato. Da na uku ya zo na ga in na ci gaba da yin shiru to ni ma na shiga cikin alhakin. Ba zan ambaci sunansa ba, don ko waɗanda ya cuta ba suna ɗaya ya ba su ba, lambar waya ma canzawa yake. Salon aikinsa ne bai canzawa, shi zan bayyana muku.

Bahaushe ne ɗan'uwanmu, mai fara'a da iya gaisuwa. Yana watsa talla a zaurukan WhatsApp na 'yan gida, yana zagayawa tsakanin Shara Mansur da Jarwal da Hindawiyya, wani lokaci a ji ɗuriyarsa a Jidda wajen Karantina da Sabil. Ba shi da shago, ba ya ba da fatura, wato rasit. Abin da yake tallatawa filasha ce da aka rubuta tera 2, wato kusan giga 2,000, a jikinta, ya ce a ciki akwai Windows 11 da Office da "lasisi na har abada", duka riyal 150. Shi zai zo har gida ya yi wa kwamfutar fomat ya ɗora, kuma kafin nan zai kwashe maka kayanka ya zuba a filashar, ya bar maka ita. Wa zai ji wannan bai ce an yi masa gata ba?

Da tsoro yake buɗe ciniki. Zai ce Windows 10 ta mutu, kwamfutar da ke kanta ta kusa daina tashi, har ya ce Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya, da shafin banki za su daina buɗewa. Gaskiyar da ke cikin maganar kaɗan ce. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, wato ya daina aiko mata da facin tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na shekara ɗaya. Amma kwamfutar ba ta mutuwa, tana tashi tana aiki yadda ta saba. Kuma wanda Windows 10 ɗinsa ta halal ce, in kwamfutarsa ta cika sharuɗɗa, komawa Windows 11 kyauta ne, ko halala ɗaya ba a biya.

Wanda ya fi tsaya min a rai ɗalibi ne da ke rubuta risalar majistir, wato digiri na biyu. Shekara ɗaya da rabi yana tara abin nan: babi uku da ya kammala, hotunan rubuce-rubucen hannu da ya ɗauko, da littattafan da ya sauke. Mutumin ya zauna a ɗakinsa, ya sha shayinsa, ya kwafe komai zuwa filashar a gabansa, ya nuna masa sunayen fayilolin a jere ya ce, "Malam, ka gani da idonka, babu abin da ya ɓata." Sannan ya goge kwamfutar. Bayan kwana biyu ɗalibin ya zo mayar da kayansa. Sunaye na nan, girman kowane fayil na nan, amma duk wanda ya danna sai a ce ya lalace. Da ya kawo min na gwada filashar, ainihin cikinta bai kai giga 16 ba.

Ga yadda ake wannan ha'inci, don mutane da yawa ba su yarda yana yiwuwa ba. A cikin kowace filasha akwai wani ɗan guntun na'ura da ke gaya wa kwamfuta yawan abin da filashar za ta ɗauka. Masu jabu suna sake masa saiti ya riƙa faɗin ƙarya. Kwamfuta ba ta aunawa, abin da aka gaya mata shi take nuna maka. Idan ka zuba kaya suka wuce ainihin wurin da ke akwai, sauran ko dai su bi iska, ko su hau kan na farko su murƙushe su, amma jerin sunaye yana nan daram. Kamar buhu ne da aka yanke gindinsa aka rataye: kana zubawa yana karɓa, bai taɓa cewa ya cika ba. Shi ya sa ganin sunan fayil ba shaida ba ce. Shaida ita ce ka buɗe fayilolin, musamman na ƙarshe da aka kwafa, a wata kwamfuta dabam. Akwai manhajoji na kyauta da ke tona asirin irin wannan filasha, H2testw da ValiDrive a kan Windows, F3 a kan Linux. Suna rubuta bayanai a cikinta su sake karantowa su ga ko sun dawo yadda suka tafi. A yi gwajin tun tana fanko, kafin a ba ta amanar komai.

Na yi iya ƙoƙarina in ceto masa daga cikin kwamfutar kanta, ban samu abin kirki ba. Rumbun ajiyarta irin na zamani ne, SSD, wanda yake share wurin da aka goge da kansa ba da jimawa ba, ga kuma sabuwar Windows an zauna a kai. Tsohon rumbu mai juyawa a kan dace da wani abu, wannan kuwa da wuya. Na ga babban mutum, mai iyali, ya haɗa kai da gwiwa a gabana ya kasa magana.

To asarar fayil ma da sauƙi a kan abin da na tarar a kwamfutar wata Hajiya mai harkar abaya da turare, wadda take aikawa da kaya Kano. Ita ba ta rasa komai ba a ranar, har ta yi masa ihsani a kan kuɗinsa. Bayan sati uku ƙawayenta suka fara kiranta suna tambayar wane irin rashin lafiya ne ya same ta har take neman taimako a Facebook. Ba ita ta rubuta ba. Da na buɗe kwamfutar na ga an kashe Windows Defender, mai gadin da ke zuwa tare da Windows, an toshe hanyar sabuntawa, an buɗe wani asusun mai cikakken iko da ba nata ba, sannan an dasa manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa an saita ta yadda za a shiga ba tare da neman izini ba. Duk kalmomin sirrin da ta adana a Chrome a buɗe suke ga mai wancan asusun. Na tambaye ta, "Hajiya, ko wani ya kira ki yana neman lambar da ta shigo wayarki?" Ta ce an kira, wai daga banki, Allah ya sa 'yarta na kusa ta hana ta bayarwa. Wannan lambar ce kaɗai ta rage tsakaninsa da kuɗinta.

Abin da nake so kowa ya gane shi ne, ɗora babbar manhaja ba kamar sa wata ƙaramar manhaja a waya ba ne. Lokacin da kwamfuta ta tashi daga filasha, tsohuwar Windows da duk masu gadinta barci suke, filashar ce ke mulki. Abin da ke cikinta shi zai zama harsashin da komai zai hau. Duk wanda ka bari ya ɗora maka Windows daga filashar da ba ka san asalinta ba, ka ba shi damar gina maka gida ne ya riƙe makulli ɗaya a aljihunsa. Kuma wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A watan Yunin 2023 kamfanin tsaron kwamfuta na Doctor Web ya bayyana wasu kofe na sata na Windows 10 da aka ɓoye muguwar manhaja a cikinsu, tana fakewa a ɓangaren EFI, ɗan sashen rumbu da kwamfuta ke tashi daga gare shi, inda masu gadi da yawa ba sa leƙawa. Aikinta shi ne in ka kwafi adireshin asusun kirifto za ka tura kuɗi, sai ta musanya shi da na ɓarayin. An ƙiyasta abin da suka sace da kusan dala 19,000. Ku tuna yawan 'yan'uwanmu da ke tura kuɗi gida da kirifton USDT.

Maganar "lasisi na har abada" kuwa, a Amurka Microsoft na sayar da Windows 11 Home dala 139. Ta yaya za a haɗa maka ita da Office da filashar tera 2 a riyal 150? Araha ba ta ado. A kwamfutoci ukun nan abin da na gani dabarar KMS ce, tsarin lasisi da aka yi wa manyan ma'aikatu, wanda wa'adinsa kwana 180 ne ana sabuntawa. Mai son dubawa ya buɗe Command Prompt ya rubuta slmgr /dli. In ya ga VOLUME_KMSCLIENT a kan kwamfutarsa ta gida, wadda ba ta ma'aikata ko jami'a ba, to ba lasisi aka sayar masa ba. Rashin ganin hakan kuma ba ya wanke ta, don akwai wasu dabarun. Wani abin takaicin, biyu daga cikin kwamfutocin dama da lasisinsu na halal suka fito daga kamfani. Tun zamanin Windows 8 ake dasa makullin lasisin a babban allon da ke cikin kwamfutar (motherboard), in ka ɗora irin Windows ɗin da ta zo da ita ka haɗa da intanet, da kanta take tabbatar da lasisin. Ya goge musu na halal ya sa musu na sata, ya karɓi kuɗi.

Alhali aikin nan kowa zai iya, ko ya sa ɗansa ya yi masa yana kallo. Filasha mai giga 8 ko sama da haka ta isa, a saye ta a shago mai ba da fatura. A shiga shafin Microsoft na ainihi a sauke Media Creation Tool, kyauta ne, shi zai sauke Windows ya shirya filashar da kansa, sai dai zai share duk abin da ke cikinta. Wanda ya fi son Rufus, wata manhajar shirya filasha, ya sauke shi daga shafinsa, fayil ɗin Windows da ake kira ISO kuma daga Microsoft. Sai a kashe kwamfutar, a soka filashar, a kunna ana danna maɓallin zaɓen wurin tashi: F9 a yawancin HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo. Kafin duk wannan a ajiye kaya a wuri biyu, a buɗe a tabbatar. In rumbun na kulle da BitLocker, tsarin kulle rumbu na Windows, a nemo makullinsa mai lamba 48 a asusun Microsoft a rubuta a takarda. Kwamfutar da ba ta da guntun tsaro na TPM 2.0, ko wadda injinta na Intel ya girmi ƙarni na 8, galibi ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Ni a ganina, da a tilasta mata da kofen da ba a san wanda ya taɓa shi ba, gara a sa mata Linux Mint ko Ubuntu a madadin Windows. Kyauta ne, halal ne, kuma ya ishi mai rubutu da shiga intanet.

Wanda kuma ya riga ya faɗa hannunsa, ya cire kwamfutar daga intanet yanzu, kada ya jira gobe. Ya ɗauki wayarsa, ba kwamfutar ba, ya canza kalmomin sirri, ya fara da imel tunda ta nan ake ƙwace sauran. Ya shiga WhatsApp ya duba na'urorin da aka haɗa ya fitar da wadda bai sani ba. Ya kira bankinsa ta lambar da ke bayan katinsa. In buƙatar Nafath, manhajar gwamnati mai tabbatar da shaidar mutum, ta shigo alhali ba shi ya nema ba, kada ya amince. Kuma kada a dogara da Reset ɗin da ke cikin Windows, don daga gurɓatacciyar rijiyar zai iya sake ɗebowa. Sai an shirya sabuwar filasha a wata kwamfuta mai tsabta, an share duk sassan rumbun har da na EFI, an ɗora daga farko.

Na san abin da ke sa mutanenmu yin shiru. Wasu kunya, wasu kuma matsalar takardu, kuma wallahi mutumin nan ya san haka, shi ya sa yake zaɓar gidajen da ya tabbata ba za a kai ƙara ba. Saboda haka nauyin yana kan masu igama, wato takardar zama. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta ƙasar nan, ta shekarar 2007, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 2 ga mai damfara ta wannan hanya. Ana kai rahoto ta manhajar Kulluna Amn, kayan jabu kuma ana kiran Ma'aikatar Kasuwanci a 1900. Kada a goge hirar WhatsApp, kada a jefar da filashar, su ne shaida. Ƙarar mutum ɗaya mai takarda tana kare goma da ba za su iya buɗe baki ba.

Ɗalibin ya shigar da tasa. Babi biyu ya samu a takarda wajen malamin da ke duba masa aikin, yana sake buga su da hannu, na ukun kuwa daga farko zai rubuta. Don Allah wanda ya karanta wannan ya mayar da shi saƙon murya ya tura wa iyayenmu mata da dattawan da ba sa karanta boko, don gidajensu mutumin ya fi shiga.