Tac Optics ko Open: Wanne Ya Dace da Sabon Shiga Gasar Bindiga Uku?

A gasar bindiga uku ta Amurka, ɗan wasa kan yi harbi da doguwar bindiga, da fistol, da bindigar farauta mai watsa ƙwayoyi. Kafin ka sayi komai, zaɓi rukunin gasar da za ka shiga, kamar Open ko Tac Optics.

Open na masu kumbar susa ne. Kusan komai ya halatta: madubin hange biyu a kan doguwar bindiga, ƙafafun jingina ta, jan ɗigon saiti a kan fistol, har da bindigar farauta mai gidan harsashi na cirewa. Akwai sauri, amma aljihu zai ji jiki.

A Tac Optics kuwa madubin hange ɗaya tak aka yarda a kan doguwar bindiga, galibi mai kusanto da abu daga ninki 1 zuwa 6. Bindigar farauta harsashi 9 take fara wasa da su, sauran kuma da hannu za ka riƙa cusawa, agogo na tafiya, babban yatsa na zafi. A nan sabon shiga ya fi asarar lokaci, a nan kuma yake koyon wasan.

Ni dai Tac Optics zan ce. Doguwar bindiga ƙirar AR-15 mai harsashi samfurin .223 da bututu mai tsawon inci 16 zuwa 18 ta wadatar, kuma ita ɗin za ka ƙara wa kaya ranar da ka koma Open.