Ƙarin kasafi a jihohin Amurka: zauren majalisa ko ƙaramin kwamiti?

Idan kuɗin da aka ware wa wata ma'aikata ya ƙare kafin wa'adi, hanya biyu aka fi bi. Ta farko ita ce a gabatar da ƙudurin ƙarin kasafi, ya bi ta kwamiti, 'yan majalisa su kaɗa ƙuri'a, gwamna ya sa hannu. Texas haka take yi. Sai dai majalisarta sau ɗaya take zaman da ta saba a shekara biyu, na kwana 140 kacal, don haka giɓin kuɗin kula da lafiyar masu ƙaramin ƙarfi kan jira sai an dawo zama.

Ta biyu ita ce a bar wa ƙaramin kwamiti. Oregon haka take yi: tana da Hukumar Gaggawa, wadda 'yan majalisa ƙalilan ke zama a cikinta. Tun a kasafi ake ajiye mata wani asusu, ta riƙa ɗiba idan majalisa tana hutu, misali in gobarar daji ta cinye kuɗin kashe wuta.

Ni dai na fi karkata ga ta farko, duk da jinkirinta, domin kowane wakili sai ya fito fili ya ce e ko a'a. A kwamiti, mazaɓar da ba ta da kujera sai dai ta ji labari.