Kariya ko ɗunɗu: wanne za a raina daga iri a cikin garin Gombe?

Wani Malam daga Tumfure ya tambaya: yana son ƙawata ƙofar gida da itacen dajinmu mai fure, kuma bayan gidan nasa kwari ya fara cin ƙasa. Tsakanin kariya da ɗunɗu, wanne ya fi sauƙin tsirowa daga iri?

Malam, renonsu ya sha bamban tun daga ɗibar iri.

'Ya'yan kariya suna cikin kwanso biyu masu kama da ƙahon akuya. Idan ya nuna sai ya tsage, kowace ƙwaya da gashi a kai da gindi, iska ta kwashe su. Don haka da ka ga kwanson ya fara sauya launi, ka naɗe shi da zare. Ka tsige gashin, ka shuka cikin 'yan makonni, domin irin kariya ba ya jure ajiya. Ɗunɗu kuwa kwansonsa a murɗe yake, cunkus a wuri guda, kuma sai ka riga awaki. Ka daka shi a hankali a turmi, ka sheƙe, ka zuba ƙwayoyin a ruwa. Wanda ya taso sama ko mai ɗan huji, ƙwaro ya riga ya cinye cikinsa. Mai kyan yana iya kai wata shekara a kwalba mai murfi.

Wahalar ɗunɗu a ɓawon ƙwayarsa take, ruwa ba ya ratsa shi. Ka tafasa ruwa, ka sauke daga wuta, ka zuba irin, ka bar shi awa 24. Wanda ya kumbura shi za ka shuka, sauran ka ɗan ƙwarzane gefensu da abin yanke farce ka sake jiƙawa. Kada ka bar shi yana tafasa a kan wuta, dafa shi za ka yi. Zurfin shuka rabin gaɓar yatsa, ƙwaya 2 a leda, ƙasar kuma kwanon sarki 2 na yashi da 1 na ruɓaɓɓen taki. Ledar fiyawata ma ta isa, in ka huda gindinta. Ka fara a Maris ko Afrilu, ka dasa a Yuli da ruwa ya zauna. Duk mako 2 ka ɗaga ledar ka sauya mata wuri, in ba haka ba saiwar ta huda ta kama ƙasa, ranar dashe ta tsinke.

Kariya ba ta son ko ɗaya daga wannan. Ba ruwan zafi, ba ƙwarzane. Ka kwantar da ƙwayar a kwance a kan yashin rafi mai tsakuwa kashi 3, taki kashi 1, da ɗan dakakken gawayi, ka yayyafa yashi ya ɗan rufe ta. Da ɗumi, cikin kamar mako guda za ta fito. A sanyin hunturu takan yi nawa, gara ka jira ƙarshen Fabrairu. Yawan ban ruwa ne ajalinta: gindin tsiron ya yi laushi, ya yi baƙi, ya kife. Sai saman yashin ya bushe za ka ƙara, kuma a watan Agusta ka kawar da ƙananan daga ƙarƙashin indararo. Wannan ƙaton gindi mai kama da tulu da ake sha'awa, kariyar da aka raina daga iri ce ke yin sa da kyau, wadda aka dasa daga reshe ba kasafai take kai ta ba.

A ƙofar gida, kariya za mu ba ka. Tana fure ja-ja a tsakiyar rani, lokacin da gari ya yi fari fat da ƙura, kuma ba ta yaɗuwa. Amma ruwan jikinta dafi ne, da shi mafarauta ke shafa kibiya a da. Ka nisanta ta da yara da dabbobi, ka wanke hannu bayan yanka.

Furen ɗunɗu ma abin kallo ne, yana reto kamar tuntu, sama ruwan hoda, ƙasa rawaya. Sai dai ga ƙaya, ga tsiro daga saiwa nesa da uwar, kuma sara ƙara masa yawa yake yi. A Kuba, inda aka kai shi a ƙarni na 19, ya mamaye gonaki masu yawa. Wannan halin ne ya sa ya dace da bakin kwarinka, inda saiwar za ta riƙe yashi. Ka jera su tazarar mita 2, nesa da katanga da sokawe, ka kewaye kowanne da ƙaya har ya fi ƙarfin akuya.