Sharhi a kan Scarlett 2i2 zubi na huɗu: wa ya dace ya saye ta?

Duk wanda yake son ɗaukar waƙa a ɗakinsa, bayan ya mallaki kwamfuta da makirufo, abin da zai nema na gaba shi ne na'urar da za ta tsaya a tsakaninsu, ta karɓi murya ta ƙara mata ƙarfi, sannan ta mayar da ita lambobin da kwamfuta take ganewa. A cikin irin waɗannan na'urori da wuya a sami wadda ta yaɗu kamar jan akwatin nan na kamfanin Focusrite na Ingila, wanda Rupert Neve ya kafa a 1985. Jerin Scarlett ya fara fitowa a 2011, zubi na uku ya zo a 2019, na huɗu kuma a 2023, kuma samfurin 2i2 na wannan zubin shi ne abin da nake aiki da shi wajen ɗaukar murya da fiyano.

Babban abin da ya bambanta wannan zubi da na baya shi ne ƙarfin ɗauka. A ma'aunin ƙarfin sauti, na uku yana da faɗin desibel 56, wannan kuwa ya kai 69, kuma amfanin hakan yana fitowa ne a fili ga mai aiki a gida. Yawancin masu farawa suna sayen makirufo irin na kondensa, kamar AT2020, saboda shi suke gani a hotunan manyan situdiyo, alhali irin wannan makirufo yana kwaso duk abin da ke motsi a unguwa, daga ƙarar fanka da injin maƙwabci har zuwa kukan akuya a bayan katanga. Wanda ɗakinsa ba a gyara shi don sauti ba zai fi samun biyan buƙata da makirufo irin na dainamik, kamar SM58 ko SM7B na Shure, domin abin da ke kusa da bakinsa ya fi ji. Matsalarsa ita ce sautin da yake fitarwa ba shi da ƙarfi, har SM7B yakan nemi wajen desibel 60, don haka a ƙananan na'urori sai an murɗa maɓallin har ƙarshe, shuu ɗin na'urar ya biyo muryar. A nan kuwa ana kaiwa inda ake so da sauran rata, muryar ta fito tsaf ba tare da an sayi wani abin ƙara ƙarfi daban ba.

Akwai maɓallai biyu da na ɗauka kwalliyar talla ce kawai za su zama, amma ɗaya daga cikinsu ya cancanci yabo. Auto Gain yana sauraren mawaƙi na daƙiƙa goma ya saita ƙarfin da kansa, abin da mai ƙwarewa zai yi da hannu cikin sauƙi. Clip Safe shi ne mai amfanin gaske, musamman ga wanda shi ne mawaƙi kuma shi ne mai ɗauka, yana tsaye gaban makirufo ba ya ganin allon kwamfuta. Mawaƙanmu sukan fara baiti a hankali, sai an zo amshi su ɗaga murya gaba ɗaya, kuma a nan ne sauti yake fashewa a lalata ɗaukar da ta yi kyau. Wannan maɓalli yana lura, ya sassauta ƙarfin idan ya ga za a wuce iyaka. Maɓallin Air kuma yana ƙara wa murya haske, sai dai a kan siririyar muryar mace na fi son a kashe shi, domin yakan sa ta yi kaifi a kunne.

Ga mai amfani da Windows, direban ASIO na na'urar, wato manhajar da ke isar da sauti tsakaninta da kwamfuta ba tare da jinkiri mai yawa ba, shi ne rabin kuɗin da ya biya. A manhajar ɗaukar waƙa irin FL Studio ko Cubase, idan aka saita ma'ajin sauti, wato inda kwamfuta ke tara sauti kafin ta sarrafa shi, a 128 a kan kilohaz 48, jinkirin da ma'ajin yake jawowa bai kai kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma ko an haɗa da na shiga da fita mawaƙi ba ya jin muryarsa tana biyo shi a baya. Idan kwamfutar ta tsufa ta fara tsinka sauti, sai a ƙara ma'ajin, a danna maɓallin saurare kai tsaye, muryar ta je hedifon ba tare da ta bi ta cikin kwamfuta ba. A wannan batun direba ne Scarlett ta yi wa takwararta Behringer UMC22 nisa, wadda ba ta da direban kanta sai dai a jingina da direban gama-gari na ASIO4ALL. UMC202HD ta Behringer kuwa tana da nata direban, kuɗinta bai kai na Scarlett ba, kuma ga mai makirufo kondensa da ƙaramin jari ban ga laifinta ba.

Abubuwan da ban ji daɗinsu ba a 2i2 su ne waɗannan. An mayar da kafofin makirufo baya, wanda ya sa tebur ya yi tsabta, amma mai yawan cirewa da sakawa zai riƙa laluben bayan akwati. Wutar bolt 48, wadda makirufo kondensa yake buƙata kafin ya yi aiki, maɓalli ɗaya ne ga kafofin biyu, ba a kunna wa ɗaya a bar ɗaya. Babu kafar MIDI ta haɗa fiyano da kwamfuta, sai a babban samfurin 4i4, ko da yake yawancin fiyanon Yamaha PSR na yanzu suna haɗuwa da kwamfuta ta USB. Abu mafi muhimmanci shi ne kafofin shigar sauti biyu ne kawai: idan aka ɗauki fiyano dama da hagu, babu wurin makirufo, kuma wanda yake son ɗaukar mai kalangu da mawaƙi da 'yan amshi a zama ɗaya, kowa da makirufonsa, ya nemi babbar na'ura tun farko.

Da yake ta USB take shan wuta, ɗaukewar lantarki ba ya tsayar da aiki muddin batirin kwamfutar yana da caji, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a Kano ko Kaduna. Gurnanin da ake ji a lasifika idan an jona caja a kan janareta galibi daga wayoyin gidan ne da rashin haɗa su da ƙasa, kuma gwajinsa shi ne a zare cajar a saurara. Idan ya ɗauke, a sa wa lasifikokin wayar TRS mai zobe biyu a baki maimakon ta jita mai zobe ɗaya.

An fara sayar da 2i2 ɗin a Amurka a kan kusan dala 200, a nan kuwa farashi yana bin canji. Mai sayen ta hannu ya duba lambar da ke ƙasanta, ya tabbatar za ta yi rajista a shafin kamfanin, domin ta nan ake samun manhajojin da ke zuwa da ita irin su Ableton Live Lite. Wanda yake da zubi na uku mai lafiya, kuma kondensa yake amfani da shi, gara ya kashe kuɗinsa a kan labule masu kauri da allunan shanye sauti a bango, domin bambancin da zai ji daga nan ya fi wanda sabuwar na'urar za ta ba shi.